Baƙi Da 'Yan Gida A Bakin Gulbin Gusau

A wannan mako ina so mu yi taɗi a kan waɗansu maƙwabtanmu, waɗanda muke kwana muna tashi tare da su, amma ba mu cika kula da su ba sai ran da suka sure mana ɗan tsako ko suka ɓata mana shanyar gero. Tsuntsaye nake nufi.

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada. Ran hutu mutane su kan fita zuwa lambunan shaƙatawa na bakin kogi, maza da mata, yara da tsofaffi, ko wanne da littafinsa da fensir da madubin hangen nesa, don kallon tsuntsaye kawai. Su rubuta wanda suka gani, da ranar da suka gan shi. Watakila wata za ta ce, "Wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne." To, ki dakata tukuna ki ji. Da yawa daga cikin tsuntsayen da waɗancan mutane ke ɗokin gani, a wurinmu suke cin rani. Kuma waɗansu namu na gida suna raguwa a gaban idonmu, ba mai rubutawa.

Gulbinmu

Gulbin da ya ratsa ta Gusau shi ne gulbin Sakkwato. Ya taso daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau da Bunguɗu, ya shiga madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. Daga nan ya wuce ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su faɗa Kwara tare. Kusa da shi Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma har yanzu ruwansa garin ke sha.

Da damina gulbi ya kan cika ya malala cikin fadamu. Da rani sai ya janye, ya bar rairayi da laka da 'yan gurabun ruwa nan da can. Wannan cika da janyewa shi ke ciyad da tsuntsaye, gama ko wane gurbi cike yake da ƙananan kifaye da kwaɗi, laka kuwa da tsutsa da ƙwari. Ga kuma duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe, inda masu son tsayi ke sheƙa. Ashe mu ma muna da namu lambun, shinge ne kawai ba a yi masa ba.

Tsuntsayen da ke wannan ƙasa tamu kashi uku ne. Akwai 'yan gida, akwai baƙin damina, akwai baƙin rani. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Bari mu fara da 'yan gari.

'Yan Gida

Waɗannan su ne ba su barinmu rani da damina. Kun san kurciya da hasbiya da hankaka, ba sai na bayyana su ba. Kun san balbela, farar nan mai bin shanu tana tsince farar da suka tayar, da marece kuma ku ga jerinsu suna komawa itacen kwana. Kun san marai, mai saƙa sheƙarsa da ciyawa a ƙarshen reshe. Ke mai saƙar faifai, in kin sami sheƙar da ta faɗo, ki ɗauka ki duba ɗaurinta. Namijin ne ke saƙa, macen ta zo ta duba, in bai yi mata ba ta tafi abinta, shi kuwa ya sake wata.

A bakin ruwa akwai zalɓe, mai tsayuwa shiru kamar an kafa sanda har kifi ya manta da shi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai zanen baƙi da fari da dogon baki, wanda kan tsaya cak a sama bisa ruwa yana kaɗa fiffike, sa'an nan ya faɗo tsundum ya fito da kifi. Inda gaɓar gulbi ta yi tsaye kamar bango, ku duba za ku ga ramuka a jere. Gidajen waɗansu korayen tsuntsaye ne masu jan maƙogwaro, masu cin ƙudan zuma, su ne ke haƙa su da kansu.

Ga wani mai ruɗin mutane, watau mulufi. Da damina namijin ya kan yi ja wur da baƙi a cikin ciyawar fadama da gonakin gero, ba mai wucewa bai gan shi ba. Da kaka ta wuce sai a daina ganinsa, yara su ce ya yi ƙaura. Yana nan bai je ko'ina ba. Gashinsa ya zubar ya sake wani mai ruwan ƙasa irin na matarsa, kamar yadda uwargida kan naɗe zanen salla ta sa cikin adaka sai wata shekara. Wannan shi ne darasi na farko ga mai kallon tsuntsaye: kada ki yi saurin cewa abu ya tafi don kin daina ganin kwalliyarsa.

Baƙin Damina

Shugabar waɗannan ita ce shamuwa, baƙa mai farin ciki. Ta kan iso mana wajen watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ya kai matuƙa, ta sauka bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari ta fara tara ƙirare. Da manomi ya gan ta ya san lokacin gyaran gona ya yi. Shi ya sa tun kakanni ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta. Ita ma ta kan biya hakkin masauki, don abincinta fara ce da tsutsar gona.

To, ina take zuwa in ta bar mu wajen Oktoba? Kudu take yi, ta bi ruwa. Lokacin da muke cikin hunturu, ƙasashen kudancin Afirka irin su Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana suna cikin daminarsu. Can take cin farar su, amma ba ta yin ƙwai a can. Sai ta dawo nan take sheƙa ta ƙyanƙyashe. Saboda haka in an bi gaskiya, shamuwa 'yar ƙasarmu ce mai zuwa cin rani, kamar yadda mazanmu ke yi.

Baƙin Rani

Waɗannan su ne masu doguwar tafiya. Su kan fara isowa daga watan Satumba zuwa Oktoba, su koma wajen Maris da Afrilu. Daga Turai da yammacin Asiya suke. Dalilin zuwansu abinci ne. In sanyi ya sauka a ƙasashen nan, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ƙwari su ɓace, mai cin ƙwari kuwa in ya zauna sai yunwa ta kashe shi.

Ku duba tsattsewa mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu kamar almakashi, wadda ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa fadama. Nauyinta wajen giram 20 ne, watau sukari cikin ƙaramin cokalin shayi sau biyar. Amma wannan 'yar abu ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare hamadar Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500, kafin ta zo ta wuce ta kanmu. Da yawansu har kudancin Nijeriya suke kaiwa, su taru dubbai bisa dubbai suna kwana cikin dogayen ciyayi a Boje, a Jihar Kuros Riba.

Ku duba kuma wani siriri mai rawayan ciki, mai yawo tsakanin ƙafafun shanu da tumaki a makiyaya yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Shi ma baƙo ne. Haka wani ɗan ruwan ƙasa mai farin ciki, mai bin bakin ruwa shi kaɗai yana rausaya bayansa, in an matso ya tashi dab da ruwa yana ɗan fito. Inda ruwa ya taru da yawa kuma, kamar madatsa, a kan ga ƙananan agwagin ruwa na Turai sun cakuɗa da namu. Ko zalɓe da alhudahuda, akwai na gida akwai baƙi, su kan haɗu da rani.

Kafin su koma su kan yi guzuri, amma a jikinsu. A ƙarshen shekarun 1960 waɗansu masana suka zauna a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, suna kama ƙananan tsuntsaye suna aunawa suna saki. Suka ga cewa kafin tashi su kan ci ƙwari da 'ya'yan itace har su tara kitse mai yawa, waɗansu nauyinsu ya kusa ninkawa. Wannan kitse shi ne abincinsu a hamada, inda babu wurin sauka a ci. Hanya kuwa, bincike ya nuna suna gane ta da rana, da taurari, da kuma maganaɗisun ƙasa wanda suke ji a jikinsu. Ikon Allah ke nan.

Yaya Aka Sani?

Kada ku zaci Turawa sun san wannan tun fil azal. An daɗe a can waɗansu masu ilmi suna cewa wai tsattsewa cikin laka take shiga a ƙarƙashin tafki, ta yi barci har sanyi ya wuce. Rashin sani ya fi dare duhu.

A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai kusa da wani gari wai shi Klütz a ƙasar Jamus. Da aka duba sai ga wani dogon mashi na mutanen Afirka ya soke wuyanta ya fita. Ashe wani maharbi ya jefe ta a wannan nahiya tamu, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Har yanzu tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Ita ce ta zama shaida cewa tsuntsayensu Afirka suke zuwa.

Sa'an nan a 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, sunansa Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zobe na ƙarfe mara nauyi a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Wannan dabara ta malamin makaranta ita duniya ke bi har yau. Ku lura, ba da wata babbar na'ura ya fara ba. Haƙuri ne da rubutu.

Rubutun nan kuwa shi ya tona wani babban al'amari da ya shafe mu. A Ingila akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cin rani a ƙasashenmu na bakin hamada. A 1969 masu ƙidaya suka ga wajen kashi uku cikin huɗu ba su koma ba. Da aka bincika, sai aka gane farin da ya fara a ƙasashenmu a 1968 ne ya hallaka su. Farin nan shi ne ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973, wadda iyayenmu da kakanninmu ba su manta ba. Kun ga ke nan ɗan tsuntsu ya ba da labarin masifa tun tana tafe, amma sai waɗanda ke riƙe da littafi suka ji shi.

Maikin Kwatarkwashi

Yanzu bari mu dawo gida. Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san dutsen Kwatarkwashi. A zamanin da, dutsen nan gidan maiki ne, babban ɗan'uwan ungulu. Masanan tsuntsayen Nijeriya sun rubuta sunan dutsen cikin littattafansu saboda taron maikin da ke sheƙa a jikinsa, mutanen garin kuma suna da bikinsu na shekara-shekara da aka sani da kamun maiki.

Wannan tsuntsu abin alfahari ne. Ran 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin Abijan, a tsayin ƙafa 37,000. Ba a taɓa tabbatad da wani tsuntsu a tsayin da ya wuce wannan ba. Amma yau ganin maiki a Nijeriya ya zama abu mai wuya ƙwarai. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke ƙarewa ta sa shi cikin jerin waɗanda ke dab da ɓacewa, tare da ungulun nan tamu ta mahauta.

I, har ungulu. Ku tambayi iyayenku yadda take cika kasuwa da mahauta a da, sa'an nan ku ƙirga nawa kuka gani a bana. Guba da ake sa wa mushe tana kashe ta, masu neman sassan jikinta don tsibbu suna farautarta, manyan itatuwan da take sheƙa kuma ana sare su. An ce ungulu ba ta jewar banza, gaskiya ne, gama ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da karnuka da cuta. In ta ƙare, mu mata masu jinyar yara mu za mu fara gani a jikin 'ya'yanmu. Gauraka ma, mai tukkun zinariya, wanda a da ke yawo a fadamun Arewa, ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan.

Ban ce duk tsuntsu aboki ne ba. Manomin da jan-baki ya sauka wa gonar shinkafa ko gero ya san ɓarna. Amma wanda bai san bambancin mai cin hatsi da mai cin ƙwari ba, shi ke kashe mai gadinsa tare da ɓarawonsa.

Abin Da Za Mu Yi

Ba na ce ku sayi madubin hangen nesa ba. Littafin rubutu guda da fensir sun isa. Ki ja layi ki raba shafi gida huɗu: rana da wata, wuri, sunan tsuntsu, da yawansa. In ba ki san sunan ba, ki rubuta kamanninsa. Girmansa ya kai kurciya ko bai kai ba? Bakinsa dogo ne ko gajere? Tafiya yake ko tsalle? Ina launin ya ke, a kai ko a ciki? Sa'an nan ki tambayi tsofaffi. Kaka ta san sunaye da yawa waɗanda babu su cikin littafin makaranta, in ba a rubuta ba kuwa tare da ita za su tafi.

Lokacin da ya fi shi ne da sassafe bayan fitowar rana, da kuma la'asar sakaliya. A zauna shiru, a sa rana a baya, a bar nuni da hannu da ƙarfi.

Ke uwargida da ba ki fita, kada ki ce ba ruwanki. Ke kika fi kowa dacewa da wannan aiki, domin kina wuri guda kullum, shekara da shekaru, kuma abin da masana suka fi bukata ke nan. Ki ajiye kasko da ruwa mai tsabta a inuwa, nesa da inda kyanwa ke laɓewa, ki riƙa sake ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai. Da bazara za ki sha mamakin masu zuwa sha. Ki rubuta ranar da kika fara ganin shamuwa bana, da ranar da ruwan shuka ya sauka. In kin yi haka shekara biyar, kina da abin da babu shi a ofishin kowa.

Ku 'yan makaranta, ku roƙi malamarku ta manna babbar takarda a bangon aji, a raba ta wata goma sha biyu, kowa ta rubuta abin da ta gani. Ga tambaya ta farko da za ku amsa da kanku: a wane wata shirwa ta fi yawa a garinku, a wane wata ta ke raguwa? Ko wace shekara kuma, ran Asabar ta biyu ga watan Mayu da ta biyu ga Oktoba, duniya na tunawa da tsuntsaye masu ƙaura. Ranaku ne masu kyau na haɗa lissafin aji.

In ƙanenki ya kawo tsuntsu mai zobe a ƙafa, ki kwafe lambar da rubutun duka daidai, da rana da wurin da aka same shi. In yana da rai a sake shi da zobensa. A ba malami ya aika da labarin zuwa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos. Ita ce kuma ke jagorancin aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, wanda ke karɓar rahoto daga mutane irinmu.

Sai dai gargaɗi guda, kuma da babbar murya. Dukanmu mun san halin da ƙasarmu ta Zamfara ke ciki game da tsaro. Kada wata yarinya ta ce za ta shiga daji, ko ta hau dutse, ko ta bi gulbi nesa da gari don neman tsuntsu. Tsakar gida, da filin makaranta, da bakin gulbi inda jama'a ke hada-hada sun isa, shi ma da izinin iyaye, tare da manya, da rana tsaka. Da damina kuwa a nisanci gaɓa, gama ta kan zabtare ba sallama. Tsuntsu shi zai zo inda kike, in dai akwai ruwa da inuwa.

Daga ƙarshe, akwai abin da ke hannunmu mu iyaye mata. Mu ke ba yaro kuɗin ɗanko, mu ke iya hana shi. Mu ke zubad da leda da shara a kwata, ruwa ya kai su gulbi. Mu ke iya cewa maigida ya bar tsamiyar ƙofar gida saboda sheƙar da ke kanta. Shamuwa ta yi tafiyar dubban kilomita don ta dawo kan itacen da ta sani, bai kamata ta iso ta tarad da kututture ba.

Wadda ta fara littafinta, ta rubuto wa wannan fili abin da ta gani, da sunan garinsu, mu ga ko shamuwar Tsafe ke riga ta Bunguɗu isowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunad da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.